Me Ya Sa Ake Kwance Injin Jirgin Sama Alhali Bai Yi Ƙorafi Ba?

Kawuna ya fi shekara talatin yana gyaran manyan motoci a Garwa ta Kamaru, irin masu jigilar kaya daga Gaundare zuwa Kuseri. Ran da na gaya masa mun sauke injin wani ƙaramin jirgi za a tura a kwance shi ɗaiɗai, sai ya ajiye kofin shayinsa ya shiga jero mini tambayoyi.

"Yana hayaƙi?"

Na ce a'a.

"Yana shan baƙin mai?"

Na ce daidai misali.

"Ya fara buga mital?"

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau, Kawu. Jiya ma ya sauka daga Marwa."

Ya ce, "To ɗana, ku dai kuɗi ne suka yi muku yawa."

Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta daɗe tana mini yawo a ka, domin rabinta gaskiya ce. Amsar da kowa ke bayarwa ita ce, mota in ta mutu a hanyar Figil direba zai gangara gindin maina ya aika a kira Kawu, shi kuwa jirgi a sama ba shi da gindin bishiyar raɓewa. Haka ne. Sai dai wannan amsa ba ta gaya maka yaushe ya kamata a buɗe injin ba, ba ta kuma gaya maka cewa buɗewar kanta tana da nata haɗarin ba.

Ba injin manyan jiragen da ke kwasar alhazai daga filin jirgin Garwa nake nufi ba, waɗancan wani jinsi ne daban. Ina magana ne a kan ƙananan jirage masu farfela ɗaya a hanci, irin su Cessna 172 da 182 da 206, waɗanda ake koyon tuƙi da su, ake kai likita ƙauyen da damina ta yanke wa hanya, ake kuma sintirin giwaye a gandun daji irin na Zakuma a Chadi. Injinsu mai fistan ne kamar na mota, kuma kusan dukkansu daga kamfanoni biyu na Amurka suke fitowa, Lycoming da Continental. Ɗauki Lycoming O-360, wanda zanensa ya samo asali tun wajen 1955 kuma har yau ana ƙera shi. Silinda huɗu gare shi a kwance, biyu dama biyu hagu suna kallon juna, cikinsa lita 5.9, ƙarfinsa doki 180, kuma ba ya wuce juyi 2,700 a minti. Ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi. Ba shi da giya, farfela a bakin karanshaf take ɗaure kai tsaye. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, wato buji da bakin makanikan nan, kuma magineto biyu ne ke ba su wuta, kowanne da nasa layin, ba ruwansu da batir. In ɗaya ya mutu ɗayan ya isa ya kai jirgi gida.

Da Kawu zai leƙa cikinsa, cewa zai yi ai wannan injin tsohuwar Volkswagen ce aka kumbura. Bambancin yana wajen wahalar da yake sha. Injin mota a kan kwalta ɗan kaɗan daga ƙarfinsa yake bayarwa, yana hutawa a gangara, yana hutawa a shingen jandarma. Na jirgi kuwa duk tashi sai ya ba da ƙarfinsa kaf, sannan ya zauna a kan kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari awa biyu ko uku ba sassauci. Kamar ka ce tirela ce ɗauke da siminti tana hawan dutsen Gaundare, dutsen kuma ba ya ƙarewa.

Saboda haka masu ƙera shi suka yanka masa wa'adi, wato awannin da zai yi yana aiki kafin a kwance shi a yi masa babban gyara. Da Turanci TBO suke rubutawa, mu da muka koyi aikin da Faransanci "fotansiyel" muke cewa. Na O-360 awa 2,000 ne. Ƙaramin O-235 da ke cikin Cessna 152 yana kai 2,400, shi kuwa Continental IO-520 na tsofaffin 206 a 1,700 ya tsaya. Awa 2,000 a gudun kilomita 200 cikin awa ya kama kilomita dubu 400, zagayen duniya sau goma ke nan. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan lamba kamar ranar ajali, wai injin lafiya lau yake har awa 1,999, a ta 2,001 kuma ya tarwatse. Ba haka ba ne. Ƙiyasi ne na kamfani a kan injin da ake tashi da shi a kai a kai, ake kuma kula da shi yadda littafi ya ce. A Amurka mai jirgin kansa da ba ya ɗaukar fasinja da kuɗi doka ba ta tilasta masa bin lambar ba, masu haya ne galibi take hawa kansu. A nan kuwa jirgi dokar ƙasar da ta yi masa rajista yake bi, wanda lambarsa ta fara da TJ na Kamaru ne, mai TT na Chadi, mai N kuma na Amurka ko da a Njamena yake kwana.

Akwai rabin wa'adin da masu jirage suka fi son mantawa: awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. Jirgin da ke tashi awa 60 a shekara, in ya cika shekara 12 bai wuce awa 720 ba, mai shi yana ganin ai sabo ne. Alhali a ƙasarmu zama ya fi tafiya kashe injin.

Dalili kuwa ruwa ne. Duk litar fetur da injin ya ƙona tana haifar da kusan lita guda ta ruwa a matsayin tururi. Mafi yawansa ta salansa yake fita, amma kaɗan na silalewa ta gefen ringi ya gauraya da baƙin mai tare da wasu sinadarai masu cin ƙarfe. In jirgi na tashi, man na zafi ya kai wajen digiri 80 ya daɗe a haka, ruwan sai ya ƙone. In kuwa an ajiye shi wata biyu a rumfa lokacin damina, ga raɓar Binuwai, sai man ya tsiyaye daga jikin ƙarfe, tsatsa ta sami wurin zama. Injin Lycoming ya fi jin wannan, domin kamshaf ɗinsa, wato sandar ƙarfe mai tudu-tudu da ke buɗe bawul, a saman karanshaf yake, shi ne farkon bushewa. Tsatsar ba ta da yawa, 'yan ɗige-ɗige ne kamar zanzana. Amma da an tayar da injin, kowane ɗigo ya zama bakin wuƙa, yana ƙwaƙular ƙarfe a hankali har tudun kamshaf ya side, bawul ya daina buɗewa sosai. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Abin haushi, dabarar da masu gadin jirage suke ganin taimako ce, wato a tayar da injin a ƙasa minti goma duk Juma'a "don ya motsa jini", ƙara ɓarna take yi. Ta haifar da sabon ruwa, man kuma bai yi zafin da zai kore shi ba. Shawarar kamfani ita ce a tashi da jirgin sama sosai, kamar awa guda, aƙalla sau ɗaya a wata, in ba zai yiwu ba a zuba masa man ajiya a toshe ƙofofinsa.

Sai ƙura. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wajen Faya, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, har ƙurarsa takan haye teku ta sauka a Kudancin Amurka. Mu ne maƙwabtansa na farko. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon da ke hana jirage sauka a Marwa shi ne injin ke shaƙa. Ƙura in ta haɗu da mai, ta zama irin man nan da Kawu ke goge bawul da shi, sai dai wannan karon bangon silinda da ringi take gogewa. Tsaga ɗaya a gefen filtar iska, wadda ɗan yatsa ba zai shiga ba, ta isa ta cinye silinda a hunturu guda. Akwai ma wata ƙofa da ke shigo da iska mai ɗumi cikin kafireta don narkar da ƙanƙara a sama, ita wannan iskar ba ta bi ta filta. Matuƙin da ya manta ta a buɗe yana gungurawa a filin jar ƙasa, tamkar ya ɗebi yashi da cokali ya ɗura wa injin ne.

Zafin Afrilu kuwa sananne ne. Lycoming ya ja jan layi a digiri 260 ga kan silinda, amma duk mai son injinsa ya tsufa ba ya bari ya haura 205 sosai. Robobin da ke tilasta wa iska bi ta tsakanin haƙarƙarin silinda sukan bushe su lanƙwashe, tsuntsu kan yi sheƙa a ciki cikin kwana biyu, zanzaro kuma duk ƙaramin rami da ya gani nasa ne.

To tunda lambar awa ba ta san hazo ba, ba ta san damina ba, ta yaya ake sanin ainihin halin da injin ke ciki? A ganina nan ne aikin yake, ya fi kwancewar kanta muhimmanci.

Duk awa 50, ko wata huɗu in awannin ba su cika ba, ana juye baƙin mai a sauya filtarsa. Makanikin mota yakan kwance tsohuwar filta ya wurga ta bola. Mu kuwa yanka ta muke yi, da wani abin yanka mai kama da mabuɗin gwangwani wanda ba ya zubar da garin ƙarfe. Ka zaro takardar ciki mai ninki-ninki, ka wanke ta, ka miƙe ta a rana kamar mai shanya kilishi, ka bi ninki ɗaya bayan ɗaya. Baƙin gari da ke murƙushewa tsakanin yatsu gawayi ne, ba komai. Mai ƙyalli ne abin dubawa. Sai ka kawo maganaɗisu. Wanda ya tashi ya manne ƙarfe ne, galibi daga kamshaf ko bangon silinda. Fari mai walƙiya da ya ƙi tashi alminiyom ne, a duba wajen fistan. Ja-ja mai launin tagulla daga bushin yake. Kowane ƙarfe yana faɗin unguwar da ya fito. Wasu kuma sukan ɗebi man a 'yar kwalba a aika ɗakin gwaji a ƙasar waje, inda ake ƙirga abin da ido ba ya gani. In sinadarin silikon ya hau, ƙura ta sami ƙofa ke nan. Gwaji ɗaya ba ya cewa komai, sai an jera biyar ko shida an ga inda lambobin suka dosa.

Na taɓa miƙe irin wannan takarda na ga maganaɗisu ya fito da gemu, siraran ƙarfe sun tsaya cako-cako a bakinsa. Jirgin bai kai rabin wa'adinsa ba a lissafin awa, amma ya yi damina biyu a ajiye ana jiran takardu. Wakilin masu jirgin ya ce mini, "Malam, injin nan fa ko tari bai taɓa yi ba." Gaskiya ya faɗa. Da aka cire silinda ɗaya aka haska ciki, tudu biyu na kamshaf sun side kamar tsohon dutsen niƙa, garin da suka zubar kuma ya riga ya zaga ko'ina cikin mai.

Gwajin da na fi so shi ne na iska, wanda ake yi duk awa 100 ko duk shekara. Injin na da ɗumi, a cire fulogi ɗaya, a juya farfela har fistan ya kai ƙololuwa bawul duka biyu a rufe, sannan a hura iska mai ƙarfin 80 a irin ma'aunin da masu faci ke auna taya. Agogo biyu ne, ɗaya na nuna abin da aka tura, ɗayan abin da silinda ta riƙe. A tsohuwar ƙa'ida in ta kasa riƙe 60 cikin 80 akwai magana, ko da yake Continental na da nasa ma'aunin da ya fi wannan sassauci. Dole mutum ɗaya ya rungume farfela da ƙarfi, don in ta kuɓuce tana iya karya hannu. Amma lambar ba ita ce ta fi ba da labari ba, kunne ne. In ka kara kunne a bakin salansa ka ji "sssss", bawul ɗin fitar hayaƙi ne ke yoyo. In ta wajen kafireta sautin ke fita, na shigar mai ne. In kuwa ka buɗe murfin baƙin mai ka ji injin na huci ta nan, ringi ne. Yoyon ringi ana iya haƙuri da shi a sa ido. Na bawul ɗin hayaƙi ba a wasa da shi, domin wuta ce ke bi ta tsagar tana cin gefensa, wata rana ɓallewa zai yi. Yanzu da 'yar kyamara mai dogon wuya ta yi araha, ta ramin fulogi ake zura ta a kalli fuskar bawul ɗin. Lafiyayye launinsa zagaye yake daidai wa daida kamar gurasar da ta gasu ko'ina. In ka ga gefe ɗaya ya yi kore-kore, can wutar take ci.

In silinda ɗaya ko biyu suka gaza, ana iya cire su kaɗai a gyara ko a sauya, ba a taɓa gindin injin ba. Wannan gyaran sama ne, kuma ba ya mayar da lissafin awa baya ko da minti ɗaya. Na sha ganin mai sayen jirgi an ruɗe shi da wannan.

Babban gyara shi ne a raba injin gida biyu, a zube komai a tebur, a wanke, sannan a shiga awo. Nan ne muka rabu da garejin Kawu. Shi yana duba abin da ya lalace ya sauya. Su kuwa kowane ƙarfe sai ya kawo shaidar cewa bai lalace ba. Ana auna wuyan karanshaf da ma'aunin da ke raba inci gida dubu goma, domin tazarar da ke tsakaninsa da mital ba ta wuce kaurin silin gashi ba, kuma a cikin wannan 'yar tazara mai ke kwanciya ya hana ƙarfe taɓa ƙarfe. In ya ci, a kan rage shi kaɗan a sa mital mai kauri. Tsagar da ido ba ya gani kuwa dabara biyu ake mata. Kayan ƙarfe irin su karanshaf da kwanrod da giyoyi, a mayar da su maganaɗisu da lantarki, a kwarara musu ruwa mai garin ƙarfe, a kashe fitila a kunna wata shuɗiya. Duk inda tsaga take garin zai taru ya yi layi kore shar. Kayan alminiyom ba sa kama maganaɗisu, su sai a jiƙa su da wani rini mai shiga kowace kafa, a goge, a jira wanda ya maƙale a tsaga ya tsattsafo. Akwai kuma kayan da ba a ma tambayarsu, ko sun yi kyau kamar sababbi bola za su: mital, ringi, bawul ɗin hayaƙi, kusoshin kwanrod da notinansu, gasket da robobi duka.

Wajen haɗawa akwai abin da har yau yake ba ni mamaki. Ɓari biyu na gangar injin ba gasket ake sa musu ba, domin kaurin gasket zai ɓata matsewar mital. Zaren siliki ake shimfiɗawa, siriri kamar na ɗinkin hula, a kan ɗan man liƙi, a bi gefen gangar da shi a kewaye ramukan kusoshi. Shi ke tare mai. Daga nan a ɗaure kusoshi bi da bi da sifana mai ma'auni, kowanne da lambarsa da layinsa, waɗanda ke iya warwarewa kuma a ɗinke kawunansu da waya, a murɗa ta yadda in noti ya so kwancewa wayar ce za ta ƙara tamkewa.

A kula da takardar da ta dawo da injin. Littafin kamfani awo iri biyu ya bayar, na sabo da na "zai iya ci gaba". Injin da aka haɗa a kan awo na biyu shi ma an yi masa babban gyara a hukumance, amma ƙarfensa na iya kasancewa a bakin iyaka tun ranar farko. Shi ya sa farashin wuri biyu ke iya bambanta da miliyoyin sefa, sunan aikin kuma ɗaya. Kamfanin da ya ƙera injin ne kaɗai, ko wanda ya wakilta, ke da ikon ba shi sabon littafi da ya fara daga sifiri. Tunda kayan awon nan da izinin aikin ba a kowane gari suke ba, injinmu a akwati yake tafiya, Turai ko Afirka ta Kudu ko Amurka, jirgi kuma ya zauna wata da watanni hanci a buɗe.

Yanzu ga rabin gaskiyar Kawu. Injin da ya fito daga gyara bai fi wanda ya yi awa 1,500 yana aiki lafiya aminci ba, a awanninsa na farko ma ya fi shi haɗari. Wani masanin Ingila, C. H. Waddington, ya gano haka a 1943 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ya bi lissafin jiragen yaƙi masu sintirin teku. Ya ga matsaloli sun fi yawa daf da bayan an fito da jirgi daga gyaran ƙa'ida, sannan su riƙa raguwa. Da aka tsawaita tazarar gyaran aka rage taɓe-taɓen da ba dole ba, jiragen da ke shirye don tashi suka ƙaru. Hannun mutum ne ke kawo wannan: notin da ba a ƙarasa ɗaurewa ba, man liƙin da ya yi yawa ya toshe hanyar mai, tsumman da aka manta. Har masana'anta ba ta tsira ba. A Fabrairun 2023 Continental ya ba da umarnin gaggawa a duba sababbin injuna saboda wani ɗan zobe da ke riƙe ƙarfen daidaita nauyin karanshaf wanda ba a zaunar da shi daidai ba, kuma injunan da ba su cika awa 200 ba aka fi jin tsoro. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Don haka ni ban yarda da mai cewa a buɗe injin "don a samu kwanciyar hankali" ba. In doka ta ce wa'adi ya cika, a sauke. In filta ko iska ko kyamara suka nuna alama, a sauke ko da awa 400 ya yi. Haka in farfela ta daki wani abu, akuya ce ta ratsa fili ko surin gara ne a cikin ciyawa, sai an buɗe ko da injin bai mutu ba, domin bugun a karanshaf da giyoyin baya yake sauka. In ba ɗaya daga cikin waɗannan, a bar shi ya yi aikinsa.

Rodaj ɗinsa ma, wato awannin farko na sabon inji kafin ringi su zauna, ya saɓa wa abin da muka saba. Sabuwar mota lallaɓa ta ake yi. Sabon injin jirgi kuwa in ka lallaɓa shi ka cuce shi. Bangon silinda na zuwa da ƙananan zane masu gicciye, kuma sai an matsa wa injin, kashi 65 zuwa 75 na ƙarfinsa, ringi ke dannuwa su goge zanen su zauna daram. Ana amfani da baƙin mai tsura marar haɗi har shan mai ya daidaita, abin da kan ɗauki har awa 50. Wanda ya ji tausayinsa ya riƙa tafiya a hankali, mai zai ƙone a bangon ya zama kamar gilashi, ringi ba za su zauna ba har abada, sai an sake cire silinda.

Duk wannan wahala, ga kuma mai. Waɗannan injuna shuɗin fetur mai dalma suke sha, wanda ake kira 100LL, dalmar kuma ita ke taruwa a fulogin ƙasa kamar tsakuwa sai an ƙwaƙule. Samunsa a yankinmu aiki ne, a duro yake zuwa da tsada, duron da ya kwana a tsaye cikin ruwan sama kuma yana tsotsar ruwa ta bakin murfi. Shi ya sa masu aiki a daji da yawa suka koma jirage irin Cessna Caravan masu shan kananzir ɗin manyan jirage, wanda ake samu a Garwa da Njamena ba wahala.

Makon da injin namu ya dawo, na kai wa Kawu ragowar zaren silikin a cikin ambulan. Ya ɗaga shi a hasken fitila, ya ja shi tsakanin yatsu har ya tsinke.

"Wannan ne ke riƙe man?"

Na ce shi ne.

Ya yi shiru, sannan ya ƙwala wa yaronsa kira ya ce ya tono masa filtar da suka cire daga tirelar Alhaji da safe, ya haɗo da zarto. Na ce, "Kawu, ban da zarto, garinsa zai ruɗe ka." Ya ce to a kawo kurfi da guduma.